Mushe, kafin ka zaɓi manhajar zane, duba aljihun iyaye

Sharhinmu na yau a kan wani sabon abu ne da ya shigo makarantunmu, tun daga Yamai har Tawa, Maraɗi da Damagaram. Malamai da yawa sun fara barin zane da alli a tablo, suna shiga intanet da salula suna haɗa abin da ake kira zanen bayani. Takarda ce guda, mai hoto da lambobi da ƴan kalmomi kaɗan, wadda yaro zai duba sau ɗaya ya gane darasi. Misali, a zana tiya ta hatsi sau goma sha biyu, kowace da kuɗinta, daga kaka har zuwa tsakiyar damina. Ko wadda ba ta taɓa shiga aji ba za ta ga watan da farashi yake hawa. Gani ya kori ji.

Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da wannan? Da ruwansa. Kuɗin fotokopi da na tawada, har wani lokaci kuɗin mega, daga karo-karon iyaye suke fitowa, ta hannun kwamitin kula da lakwal da ƙungiyar uwaye mata. Mai sayar da ƙuli-ƙuli a kasuwar Dole da mai tebur a Katako su ne suke biya. Wanda ya biya kuwa yana da bakin magana.

Manhajojin suna da yawa. Akwai Canva, ta ƙasar Ostareliya, da aka buɗe a 2013, ita ce aka fi sani. Akwai Piktochart ta Maleziya, da Genially ta Sifen, da Venngage ta Kanada. Kowace tana cewa kyauta ce. Amma ƴan kasuwa sun san banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ake bayarwa kyauta ɗanɗano ne, irin wanda mai kilishi yake miƙa wa mai wucewa. Malami zai ɓata dare yana aiki, in ya zo sauke zanen sai a ce wannan hoto na kuɗi ne, ko tambarin kamfani ya fito a kansa. Akwai kuma gwajin kwanaki na kyauta, wanda ake neman lambar katin banki kafin a buɗe. Ranar da kwanakin suka cika, kuɗi za su fara fita da kansu kowane wata, sai in mutum ya tuna ya soke. Saboda haka muna cewa kada a sa katin kowa, balle kuɗin asusun lakwal, kafin a karanta sharuɗɗa. Canva tana da sashe na malaman firamare da sakandare wanda ba a biya, amma sai malami ya aika shaidar aikinsa. Mushe ya fara ƙwanƙwasa wannan ƙofa kafin ya nemi ko dala ɗaya wurin iyaye.

Magana ta biyu, wadda ta fi damunmu, ita ce ta harshe. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harsunan gida a ƙasar nan, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. To amma yawancin salon rubutun da ke cikin waɗannan manhajoji an yi su ne don Ingilishi da Faransanci. Da yawa ba su san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. In malami ya rubuta su, sai wani ɗan akwati ya fito a wurin harafin, ko harafin ya fita daban da ƴan'uwansa. Sai malami ya gaji, ya cire lanƙwasar. Nan ɓarna take. Ƙaya ta koma kaya, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Wace ƴar kasuwa ce za ta yarda a ce mata kaya da ƙaya ɗaya ne? Yaron da ya ga kuskure a manne a bangon aji shekara guda, da shi zai tashi. Haka ma matan da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan sun tashi daga kasuwa, ko ƴan asusun Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1991, masu son su riƙa rubuta zubi da bashi da hannunsu.

Gwajin ba shi da wuya, kuma bai kai minti ɗaya ba. Kafin komai, malami ya rubuta "ƴan ƙauye sun ɗebo ɓawo" a cikin manhajar. In haruffan huɗu sun fito daidai, a ci gaba. In ba su fito ba, a sake salon rubutu. Andika da Noto Sans suna ɗauke da su duka. In manhajar ba ta da ko ɗaya mai yi, a bar ta, komai kyanta.

Sai maganar wuta da rezo. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, garuruwa suka kwana cikin duhu watanni. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet mai ƙarfi, malamin ƙauye ba zai ci moriyarta ba. A zaɓi wadda take aiki a ƙaramar salula, kuma take bari a sauke zanen a ajiye. Inda lakwal take da kwamfuta, akwai LibreOffice da Inkscape, waɗanda kyauta ne na gaskiya, kuma da zarar an saka su ba su bukatar intanet.

A tuna kuma da inda zanen zai ƙare. Ba a fuskar salula yara sittin ko saba'in za su gan shi ba, a takardar fotokopi baƙi da fari ne. Ja da kore masu sheƙi, in sun bi ta injin, sai su zama toka iri ɗaya. Bugun launi kuwa ya ninka na baƙi da fari sau da yawa. A buga guda ɗaya, a manna a tablo, a tambayi yaron da ke bencin ƙarshe me ya gani. Ba a cinikin biri a sama.

Abu na ƙarshe, amanar yara. Duk abin da aka ɗora a waɗannan manhajoji yana zuwa rumbun kamfani a wata ƙasa. Ƙasarmu ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2017. Kada malami ya ɗora hoton ɗan kowa, ko sunansa da makinsa, ba da yardar iyaye ba.

Ba mu ƙi ci gaba ba, kuma muna yaba wa malaman da suke sayen mega daga albashinsu don yara su gane karatu. Kiranmu ga iyaye ne, musamman uwaye. Ranar taron kwamiti, in aka kawo maganar kuɗin zane, ku yi yadda kuke yi wa dillali: a nuna muku samfuri a takarda, ku duba ko an rubuta Hausa daidai, ku tambayi nawa ne a shekara, kuma wa zai biya in wa'adin kyauta ya ƙare. In amsa ta gamsar, a ba da kuɗi da zuciya ɗaya. In ba ta gamsar ba, a sayi alli da littafi.

Allah ya ba da kasuwa, ya yi wa ƴaƴanmu albarka.