Kalmar "sarcasm": gatsen da ke yagar nama

Ma'aikaci ya iso ofis ƙarfe goma sha ɗaya, shugabansa ya dube shi ya ce, "Sannu da sammako." Lafazin na yabo ne, manufar kuwa zargi ce, kuma duk wanda ke wurin ya gane. Wannan shi ne abin da Turanci ke kira "sarcasm": a faɗi akasin abin da ake nufi domin a muzanta wanda ake yi wa magana.

Asalin kalmar ya nuna nauyinta. Ta samo tushe daga "sarkazein" na Girkanci, wato yagar nama, ta biyo ta Latin kafin ta shiga Turanci. An fara ganin ta a rubutun Turanci a 1579, cikin sharhin da aka yi wa waƙoƙin Edmund Spenser. Ta bambanta da "irony", wadda ke iya aukuwa ba tare da an ci zarafin kowa ba. Ita "sarcasm" sai da wanda za a sara.

A nan ne fassara ke tuntuɓe. Ba'a tana iya zama wasan taubasai, ko na Fulani da Barebari, inda al'ada ta ba kowa damar ramawa. Habaici yakan sakaya wanda ake nufi. Gatse ne mafi kusa, kamar uwar da ke ce wa ɗanta, "Ci gaba da wasa da wuƙar." Sai dai gatsen uwa gargaɗi ne, na shugaban ofis kuwa sau da yawa wulaƙanci ne, domin na ƙasa ba shi da bakin ramawa.

Rubutu ya ƙara dagula lamarin, tun da murya da kallo ne ke fallasa gatse. A 1899 marubucin Faransa Alcanter de Brahm ya kawo shawarar wata alama ta musamman don nuna irin wannan magana, ba ta karɓu ba. Yau masu rubutu a intanet sukan liƙa "/s" a ƙarshen jimla.

Saboda haka gatse bai dace da saƙon aiki ba. Wanda bai gane shi ba zai aikata akasin abin da ake so, wanda ya gane kuwa zai riƙe shi a zuci. Shugaban da ke son a daina makara, ya faɗi lokacin zuwa kawai.