Baƙo ba abin raini ba ne

Jama'a, akwai wani mugun hali a kasuwar Gure. In Tubawa suka sauko daga Tesker da raƙumansu, sai a ce ɓarayi ne. In Bazabarme ya zo aiki, sai a ce ɗan yamma ne, mai girman kai. Wa ya sa mu alƙalanci?

Ku tuna shekarar 1983, da Najeriya ta kori baƙi. Ƴan uwanmu ƴan ci-rani suka dawo da tabarma a ka. Ran nan mun san zafin wulaƙanci.

Wasan Mangawa da Fulani zumunci ne, amma zagi ba wasa ba ne. In baƙo ya yi sallama, ku amsa, ku ba shi ruwa, ku auna masa tiya cikakkiya. Gobe ku ne baƙi a Kano.