Shekara 16 a kan tambaya ɗaya

A shekarar 1983, wata matashiyar likitar yara a birnin Houston na Amurka, Huda Zoghbi, ta haɗu da wata yarinya mai ciwon da ya ɗaure mata kai. An haife ta lafiya, ta fara koyon magana, sai komai ya soma zamewa: kalmomi suka ɓace, hannuwa suka daina riƙe abu, suka koma murza juna ba hutawa. Wannan shi ne ciwon Rett, wanda likitan Ostiriya Andreas Rett ya fara bayyanawa a 1966, kuma yana kama kusan yarinya 1 cikin 10,000.

Zoghbi 'yar Bairut ce, yaƙin basasar Labanon ne ya raba ta da karatun likita a gida, ta kammala shi a Amurka a 1979. Ganin waɗannan yara ya sa ta koma ɗakin gwaje-gwaje na Kwalejin Baylor, ta koyi ilimin ƙwayoyin gado daga tushe. Matsalar ita ce ciwon ba ya bin dangi sai da ƙyar, saboda haka hanyar da aka saba ta bin zuriya don gano ƙwayar gado ta kusa toshewa. Sai a 1999 ita da abokan aikinta suka nuna cewa lahani a ƙwayar MECP2, wadda ke kan kuromosom X, shi ne sanadi. Furotin ɗin da wannan ƙwaya ke samarwa yana manne wa DNA, yana daidaita aikin wasu ƙwayoyin gado masu yawa a cikin ƙwaƙwalwa.

A ganina, darasin da ya fi muhimmanci yana cikin yadda ta rayu a waɗannan shekaru 16. Malaminta, Arthur Beaudet, ya ba ta shawarar ta haɗa da wani aikin da zai iya ba da sakamako. Ta ɗauki wani ciwon gado mai lalata daidaiton tafiya, SCA1, kuma a 1993 ita da Harry Orr na Jami'ar Minnesota suka gano ƙwayarsa. Wannan nasarar ce ta ba ta tsayuwa a fagen bincike, tambayar Rett kuwa tana nan a hannunta. Ta yi noman da zai ciyar da gida bana, ba ta kuma fasa dashen itacen da zai daɗe bai yi 'ya'ya ba.

Tasirin aikin ya zarce sunan ciwo ɗaya. Yanzu ana iya tabbatar da ciwon Rett ta gwajin jini. Ɗakin bincikenta ya nuna cewa yawan furotin ɗin ma cuta ne, kamar ƙarancinsa, abin da ya gargaɗi masu neman magani cewa dole su kiyaye ma'auni. A 2007 Adrian Bird na Jami'ar Edinburgh, wanda tun farko shi ya gano furotin ɗin, ya nuna a jikin ɓeraye cewa idan aka maido da aikin ƙwayar, alamun ciwon suna ja da baya ko bayan sun bayyana. Kafin nan ana ɗaukar irin wannan lalacewa a matsayin wadda ba ta gyaruwa. Su biyun suka raba lambar yabo ta Brain Prize a 2020.

Mai suka zai ce har yau babu maganin da ke warkar da Rett. Gaskiya ne, maganin da hukumar Amurka ta amince da shi a 2023 sauƙaƙa alamu kawai yake yi. Amma ba a neman maganin abin da ba a san tushensa ba.

A jami'o'inmu, ƙarin girma ya rataya ne a kan yawan maƙalun da malami ya wallafa. Wannan ma'auni yana koya wa matashin mai bincike ya guji duk tambayar da ba za ta haifar da takarda cikin shekara ba. Kwamitocin ƙarin girma su riƙa tambayar mai nema wace babbar tambaya yake bi, da kuma inda ya kai a kanta, su ba wannan amsa nauyi kamar yadda suke ba ƙidayar maƙalu.