Tiyata a ƙasar Arewa: Hatsarin na bayan an fito ɗakin aiki

Sanin kowa ne cewa a kasuwanninmu, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, babu abin da ke karya jarin ɗan kasuwa farat ɗaya kamar a ce za a yi wa wani nasa tiyata. Mai ƙosai ta sayar da akuyarta, mai buhunan wake ya karyar da farashi, duk don a kai mai naƙuda ko mai gwaiwa asibiti. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba abin da masu bincike suka gano a kan wannan al'amari.

Mu ɗauki Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta yi fito-na-fito da sojojin Faransa a 1899. Idan haihuwa ta gardama a can, sai an nemi mota zuwa asibitin Dogon Dutsi. In abin ya fi ƙarfinsu, sai Doso, tafiyar fiye da kilomita 100. Alhali kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2015 cewa kamata ya yi mutum ya iya isa inda ake tiyatar gaggawa cikin awa 2. Kwamitin ya ƙiyasta mutum biliyan 5 a duniya ba su da halin samun tiyata mai inganci a kan lokaci, kuma da kuɗin da za su iya biya.

Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. A 2005 gwamnatin Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta, aka kuma shiga horar da likitoci na gama-gari don su riƙa aikin gaggawa a ƙananan asibitoci. Sai dai an sha samun jinkiri wajen biyan asibitoci kuɗin wannan kyauta, kuma kuɗin mota da abincin masu jinya suna nan a wuyan iyali.

To isa asibiti ɗaya ne, fitowa lafiya kuma daban. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar tambayoyi 19 da ma'aikata za su bi a ɗakin tiyata: shin wannan ne maras lafiyar? Wane gefe za a yanka? An ƙirga auduga da almakashi kafin a ɗinke? Da aka gwada ta a asibitoci 8, sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa 0.8.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne binciken 2018 da ya shafi asibitoci 247 a ƙasashen Afirka 25. An bi diddigin mutum 11,422, aka tarar haɗarin mutuwa bayan tiyata a Afirka ya ninka na sauran duniya sau biyu, duk da cewa majinyatanmu sun fi ƙuruciya. Kuma kusan kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu, ba a ranar aikin suka cika ba, sai bayan an wuce awa 24. Ashe ke nan hatsarin yana kan gadon jinya, inda ma'aikaciya ɗaya ke duba ɗaki guda, jini ya tsinke ko zazzaɓi ya tashi ba wanda ya lura.

Masu binciken sun sake gwaji a ƙasashe 28, inda aka umarci ma'aikata su ƙara sa ido a kan waɗanda suka fi shiga haɗari. Sakamakon 2021 ya nuna mace-macen ba su ragu ba, domin umarni ba ya ƙara yawan hannu. Tambayar da ake kai yanzu ita ce: wa zai yi gadin? A Mbale ta ƙasar Yuganda an gwada koya wa 'yan uwa masu jinya auna bugun zuciya da numfashi, kuma yawan awon ya ƙaru. Mu da ba ma barin namu shi kaɗai a asibiti, wannan magana tamu ce.

Irin wannan bincike kuwa da bayanan marasa lafiya ake yin sa, kuma a nan akwai amana. Ba a manta da Kano ba, inda a 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau, iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, har aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75 a 2009. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum a 2017. Don haka duk takardar da aka miƙo a dangwala, haƙƙinmu ne a fassara mana ita da Hausa: ta yardar aiki ce ko ta bincike? Ƙin shiga bincike ba ya hana magani. Mu ma mu kiyaye, mu daina yaɗa hoton majinyaciya a WhatsApp ba da izininta ba, ko da neman taimako ne.

Shawararmu ga shugabannin kasuwa da iyayen adashi ita ce a ware asusun gaggawa daban da jari, a kuma yi yarjejeniya da direba tun kafin dare ya yi. Mai jinya ta tambayi ma'aikata alamomin da za ta lura da su a kwana 3 na farko, kamar zubar jini, kumburin ciki, numfashi sama-sama ko rikicewar hankali, in ta gani ta kira su nan take ba tare da jin nauyi ba. Hukuma kuma ta ƙara ma'aikatan jinya da ma'ajiyar jini a asibitocin Arewa, domin ɗakin tiyata kaɗai bai isa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a kasuwa.