Ra'ayi: Kafin a yanka filaye a Cadawa, a fara duba hanyar ruwa

Daminar 2024 ta bar wa Nijar tabo. Alƙaluman gwamnati sun nuna ambaliya ta kashe kusan mutum 400, ta shafi kimanin miliyan ɗaya da rabi. A birnin Maradi kaɗai, ruwan da aka tafka a ƙarshen watan Agusta ya yi ajalin aƙalla mutum 15.

Garuruwan da ke kan babbar hanya lamba 1, irin su Cadawa, Agye, Gazawa da Gidan Rumji, suna ta faɗaɗa. Gonaki na komawa unguwanni, kwano da siminti na maye gurbin ƙasar da ke shanye ruwa. Duk inda aka cike kududdufi aka ɗora gida, ruwan zai nemi wani masauki, galibi gidan talaka na laka.

Ana iya ganin wannan haɗari tun kafin hadari ya haɗu. Taurarin ɗan Adam na Sentinel-2 na Tarayyar Turai suna ɗaukar hoton wuri guda duk kwana biyar, kuma hotunan kyauta ne. Na Landsat na Amurka sun faro tun 1972, don haka ana iya gane inda tafki yake kafin ya zama unguwa. Sentinel-1 kuwa yana hango ruwa ko da gajimare ya rufe sama. Idan aka haɗa hotunan da bayanan tudu da kwari, taswirar wuraren da ruwa ke kwanciya za ta fito.

Masana ma ba su yi nisa ba: ga cibiyar AGRHYMET a Yamai, ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maradi.

Gaskiya ne hoto daga sama ba ya nuna magudanar da shara ta toshe. Wannan aikin masu unguwanni ne da matasa masu wayoyin hannu, su bi lungu-lungu su tabbatar. Babban ƙalubalen shi ne, sayar da filaye na kawo wa ƙananan hukumomi kuɗin shiga, taswira kuwa za ta hana sayar da wasu.

Saboda haka ya kamata a wajabta duba taswirar kafin kowane rabon filaye, a kuma liƙa ta a ofishin magajin gari kowa ya gani. Ɗan ci-ranin da ke turo guminsa daga Kano, Aljeriya ko Faransa don sayen fili yana da haƙƙin sanin ko a kan hanyar ruwa zai yi gini, tun kafin ya biya kuɗi.