Shaidar Zur a Intanet

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce mai sana'a ya ware kuɗi ya sayi mahaɗai a shafuka ɗari, Google zai ɗaga shi sama. Rijiya ka nuna wa mutane.

Tun kafa Google a 1998, mahaɗi shaida ce: wani shafi ya nuno naka don ya ga abin amfani. Wadda aka saya kuwa shaidar zur ce. A 2011 kamfanin J.C. Penney na Amurka ya sha ƙasa a jerin sakamakon binciken Google, bayan jaridar New York Times ta tona asirin mahaɗan da aka jibga masa. A 2012 Google ya fito da wani tsari mai suna Penguin don farautar irin wannan. Ka manta ne, ko ɓoyewa ka yi?

Ɗauki mai gyaran injin ban-ruwa. Ya nuna dalla-dalla, hoto bayan hoto, abin da ke hana inji jan ruwa, tun daga tiyon da ya fashe. Malaman gona za su nuno shafinsa ba roƙo, muddin injin da ya gyara bai sake mutuwa a tsakiyar fadama ba. Shi ne ka tura ya sayi mahaɗi a shafin caca!