Kada a jefar da tsofaffin kwamfutocin Kafanchan

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Windows 11 kuwa tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, sharaɗin da ya bar kwamfutocin gwanjo da yawa a baya. Irin waɗannan kwamfutoci ne a shagunan buga takardu na Kafanchan, da hannun ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke garin.

Kafanchan ba baƙuwar wannan matsala ba ce. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta daɗe tana koyar da matasa a Bayan Loco da tsofaffin kwamfutocin da aka gyara, cikin zafi da ƙura da ɗaukewar wuta. Garin ya san darajar tsohon inji, don haka shawara ita ce a ɗora masa Linux a madadin Windows. Sai dai Linux iri-iri ce, kuma ba kowace ta dace da nan ba.

Fedora tana fitar da sabon zubi kusan duk wata shida, kowane zubi kuma ana kula da shi kimanin wata 13 kacal. Arch ma kullum cikin sabuntawa take. Ga mai sayen data da gumin goshinsa, wanda wuta kan ɗauke masa ana tsakiyar saukar da gyara, waɗannan biyu wahala ce.

Debian ta fi kowa natsuwa. Zubi na 13 ya fito a Agustan 2025, kuma ba ta canza kaya barkatai. Ta dace da ɗakin kwamfuta na makaranta, inda akwai malami ɗaya da ya iya saitinta. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004, tana fitar da zubi mai dogon zango duk shekara biyu, da tallafin shekara biyar, amma fuskarta ta GNOME tana yi wa ƙaramin inji nauyi.

Ga mai koyo, Linux Mint ce gaba. A kan Ubuntu aka gina ta, zubi na 22 yana da tallafi har 2029, nau'inta na Xfce ba ya cin ƙwaƙwalwa. Maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu, inda hannun ɗan Windows ya saba zuwa, ga LibreOffice na buga takarda tun daga farko.

Mai shagon da ke cin abinci da CorelDRAW, yana tsara katin biki da kalandar coci, sai ya bar injinsa ɗaya a kan Windows, domin manhajar ba ta da zubin Linux. Sauran injunan na rubutu da intanet su koma Mint. Masu gyara a garin su riƙe ta a filashi, su bar kwastoma ya gwada ta kafin a goge masa komai.